Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Tarayya Kan Fitar Da Yara Riƙo Zuwa Ƙasashen Waje

Zuwa ga Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai, da ɗaukacin Sanatoci da 'Yan Majalisar Wakilan Tarayyar Najeriya, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wani al'amari da ba kasafai ake jin sa a zaurenku ba, wato fitar da ƙananan yara daga ƙasarsu ta haihuwa zuwa wata ƙasa da sunan riƙo, irin riƙon da kotu ke yanke dangantakar yaro da iyayen da suka haife shi, ta ba shi sababbin iyaye da sabon suna da sabuwar ƙasa. Abin da nake roƙon ku duba da idon basira shi ne, tarihin wannan harka na shekara saba'in ya nuna cewa ba yawan marayu ne ke zaɓen ƙasar da za a riƙa ɗebo yara daga cikinta ba. Kuɗi ne ke zaɓe, siyasa kuma ke buɗe ƙofa ko ta rufe ta. Duk sanda aka rufe ƙofa a wani wuri, masu harkar kan karkata zuwa ƙasar da talauci ya yi wa katutu, rikici ya tarwatsa iyalanta, takardun haihuwarta kuma ba su da tabbas. A yau kusan duk manyan ƙofofin sun rufe, kuma a cikin waɗannan siffofi uku babu wadda ƙasarmu ta kuɓuta daga gare ta.

Harkar a yadda aka san ta yanzu ta kankama ne bayan yaƙin Koriya da aka tsagaita a 1953. A 1955 wani Ba'amurke manomi daga jihar Oregon mai suna Harry Holt ya ɗauki yara takwas daga Koriya ta Kudu, kuma sai da majalisar dokokin Amurka ta yi doka ta musamman kafin ya iya shiga da su. Yaran farko mafi yawansu 'ya'yan sojojin ƙetare ne da matan Koriya suka haifa, waɗanda al'ummar ta ƙi karɓa. Amma yaƙi ya wuce, ƙasar ta fara bunƙasa da masana'antu, fitar da yara kuwa maimakon ya ragu sai ya ƙaru, har ya haura yara 8,000 a shekarar 1985 kaɗai, kuma a lokacin yawancinsu 'ya'yan matan da suka haihu ba aure ne, ba marayun yaƙi ba. Gwamnatocin soja na wancan zamani sun gane cewa tura yaro waje ya fi musu araha a kan kafa tsarin tallafa wa uwar da ba ta da mai taimako, kuma yana shigo da kuɗin ƙetare. Abin da ya fara rage yawan yaran ba tausayi ba ne, kunya ce: a lokacin gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul jaridun duniya sun yi ta yayata cewa ƙasar da ke alfahari da fitar da motoci tana kuma fitar da jariranta. Kimanin yara 200,000 ne suka bar ƙasar ta wannan hanya. A watan Maris na 2025 hukumar bin gaskiya da sulhu ta ƙasar ta ɗora wa gwamnati alhaki, ta tabbatar da cewa an ƙirƙiri takardu, an rubuta yara masu iyaye a matsayin tsintattu, wasu ma an musanya musu suna da na wasu yaran. Mutanen da aka yi wa haka yanzu dattawa ne, suna yawo daga ofis zuwa ofis suna neman sunan mahaifiyarsu.

A Romaniya, dokar da Nicolae Ceaușescu ya kafa a 1966 ta haramta zubar da ciki tare da takura hanyoyin tazarar haihuwa, ga kuma ƙuncin rayuwa, ita ce ta cika gidajen gwamnati da yaran da iyayensu ke raye amma ba su iya ciyar da su. Da mulkinsa ya faɗi a Disamba 1989, yara kimanin 10,000 suka fice a cikin shekara ɗaya da rabi, da yawansu ma ba daga waɗannan gidaje ba, daga hannun iyaye matalauta aka karɓe su kai tsaye da kuɗi. An dakatar da harkar a 2001, kuma babban dalili shi ne Romaniya na neman shiga Tarayyar Turai, Tarayyar kuma ta matsa mata lamba a kan batun. A ƙasar Sin, dokar haihuwar ɗa ɗaya tare da fifita ɗa namiji su suka sa aka riƙa yasar da 'ya'ya mata. Ƙasar ta buɗe ƙofarta a 1992, aka ɗora wa kowane mai ɗaukar yaro biyan gudummawar dala 3,000 ga gidan marayun, sai ga shi a 2005 an bankaɗo a lardin Hunan cewa wasu gidajen marayun sayen jarirai suke yi daga hannun dillalai don su samu wannan kuɗi. Sama da yara 160,000 ne suka fita kafin Sin ta sanar da rufe ƙofar a Satumba 2024, a daidai lokacin da damuwarta ta koma raguwar haihuwa da tsufan al'umma.

Misalin Rasha ya fi kowanne fito da siyasar a fili. A Disamba 2012 Amurka ta kafa dokar Magnitsky wadda ta ƙaƙaba wa wasu jami'an Rasha takunkumi, kuma kafin watan ya ƙare Rasha ta mayar da martani da dokar hana Amurkawa ɗaukar yaranta, aka sa wa dokar sunan wani ƙaramin yaro ɗan Rasha da ya rasu a Amurka a 2008 bayan an manta da shi a cikin mota. Mutuwar yaron ta yi shekara huɗu ba a rufe ƙofa ba, sai da aka taɓa jami'ai aka rufe ta cikin makonni. Gwatemala kuwa, ƙasar da ba ta kai wasu jihohinmu biyu a haɗe yawan jama'a ba, ta kai ga a tsakiyar shekarun 2000 kusan jariri ɗaya cikin kowane ɗari da aka haifa Amurka ake kai shi, saboda lauyoyi masu zaman kansu ne ke gudanar da komai, kowane yaro kuma yana kawo dubban daloli. Sai da aka tabbatar da satar jarirai da tilasta wa mata sa hannu kafin aka rufe a farkon 2008.

A 2004 harkar ta kai ƙololuwarta, inda yara kimanin 45,000 suka ƙetare iyakoki a duniya, kusan 23,000 daga cikinsu zuwa Amurka. A ƙasashen da ke karɓa, jinkirta aure da matsalar rashin haihuwa da raguwar jariran da ake bayarwa a cikin gida sun haifar da dogon layin masu jira, Amurka ma tana yi wa mai ɗaukar yaro rangwamen haraji. Kamfanonin da ke haɗa wannan alaƙa suna rayuwa ne da kuɗin da ake biya a kan kowane yaro, saboda haka idan yara suka ragu, albashin ma'aikatansu ne ya ragu. Wannan shi ne injin da ke tuƙa al'amarin, kuma shi ya sa da Gwatemala ta rufe, Sin da Rasha suka tsananta sharuɗɗa, idanu suka juyo Afirka.

Habasha ce ta fara karɓar wannan guguwa. Ƙasar da a farkon shekarun 2000 take tura yara 'yan ɗaruruwa, zuwa 2010 tana tura sama da 2,500 Amurka kaɗai a shekara. Gidajen marayu suka yi ta tsirowa a yankunan da a da babu su, ana aika mutane ƙauyuka suna lallashin zawarawa da magidanta matalauta. Ba marayu ne suka jawo gidajen ba, gidajen ne suka shiga neman waɗanda za su kira marayu. Bayan mutuwar wata yarinya 'yar Habasha a 2011 a hannun waɗanda suka ɗauke ta a jihar Washington, da sauran koke-koke da suka biyo baya, majalisar dokokin ƙasar ta haramta harkar a Janairu 2018. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta dakatar da ba da izinin fita a 2013, Kenya ta dakatar da harkar a 2014, sannan a Agusta 2020 Amurka da kanta ta sa wa wasu alƙalai biyu na Yuganda takunkumi bisa zargin karɓar cin hanci don halatta fitar da yaran da aka yaudari iyayensu.

Amma misalin da ya fi kusa da mu, wanda nake son ku tsaya a kansa, a Cadi ya faru, maƙwabciyarmu ta tafkin Cadi. A ranar 25 ga Oktoba 2007 jami'an tsaro suka tare wata ƙungiyar Faransawa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeche tana shirin ɗora yara 103 a jirgin sama zuwa Faransa. Ƙungiyar ta shiga ƙasar ne da wani suna dabam, tana cewa aikin jinya take yi. Ta shaida wa iyalai a Faransa cewa yaran marayun Darfur ne da mutuwa ke jira, iyalan kuma suka biya dubban yuro kowannensu, har wasu suka je filin jirgi suna jiran isowarsu. An naɗa wa wasu yaran bandeji don a ɗauka marasa lafiya ne, alhali lafiyarsu lau. Da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Cross suka bincika, sai aka gano cewa mafi yawansu 'yan Cadi ne daga yankunan Adre da Tine na kan iyaka, kuma 91 daga cikinsu suna da aƙalla uba ko uwa ko wani babba da suke zaune a hannunsa. Abin da aka gaya wa iyayen shi ne za a sa 'ya'yansu makaranta a cikin ƙasar.

Ku dubi abin da ya biyo baya. A farkon Nuwamba Shugaba Nicolas Sarkozy na Faransa ya tashi takanas zuwa Njamena ya koma da 'yan jarida da wasu ma'aikatan jirgin da aka kama. A ƙarshen Disamba kotun Cadi ta yanke wa mutum shida 'yan ƙungiyar hukuncin shekara takwas da aiki mai tsanani, ta kuma umarce su da biyan diyyar sama da sefa biliyan 4, kuma kwana biyu bayan hukuncin aka mayar da su Faransa don su yi zaman a can. A Fabrairu 2008 'yan tawaye suka kutsa Njamena har suka kewaye fadar shugaban ƙasa, Faransa ta mara wa Shugaba Idriss Déby baya ya tsira da mulkinsa, kuma a ƙarshen Maris ya yi wa mutanen shida afuwa. Tsakanin hukuncin shekara takwas da sakinsu wata uku ne kacal. Ba sai an gaya wa mai hankali abin da aka auna da abin da ya rinjaya ba. Wannan gari na Adre kuwa shi ne a yau ya cika da dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijirar yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilu 2023, akasarinsu mata da yara.

Akwai dalilin da ya sa yaudarar Abeche ta yi aiki, kuma dalilin ya shafe mu kai tsaye. A wurinmu ba da yaro riƙo abu ne na yau da kullum. Mace takan ba wa 'yar'uwarta da ba ta haihu ba 'ya, kaka takan ɗauke jika bayan yaye, uba yakan danƙa ɗansa ga malami ko ga ɗan'uwa a birni don ya yi karatu ko ya koyi sana'a, kuma a duk waɗannan yaro bai daina zama ɗan ubansa ba: da sunansa ake kiransa, yana gadonsa, ranar aurensa dangin ubansa ne waliyyai. Saboda haka idan baƙo ya zo wa bazawara a sansanin 'yan gudun hijira ya ce zai ɗauki ɗanta ya yi karatu, abin da ta sani shi za ta fahimta. Ba za ta taɓa kawowa a ranta cewa dangwala yatsan da ta yi a takardar da aka rubuta da harshen da ba ta ji yana nufin ta sallama ɗanta har abada ba, kuma dokar wata ƙasa za ta ɗauke ta a matsayin bare a gare shi. Iyaye a Habasha da Yuganda sun faɗa wannan rami ɗaya. Kyakkyawar al'adarmu ta taimakon juna ita ce ƙofar da za a shigo mana ta ita, idan doka ba ta tsaya a bakinta ba. Ga Musulmi kuma hukuncin a bayyane yake a farkon Suratul Ahzab, inda aka yi umarni a kira yaran riƙo da sunan ubanninsu, tare da cewa kula da maraya na daga cikin ayyukan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mai yin su albishir da maƙwabtaka da shi a Aljanna. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci kafala ta Musulunci, wato riƙon yaro ba tare da canza nasabarsa ba, da sunanta a sashe na 20 a matsayin halatacciyar hanyar kula da yaron da ya rasa iyali.

Masu girma, kada a ce wannan labarin wasu ne. A watan Maris na 2021 gwamnatin Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta taƙaita ɗaukar yara daga cikinsu, kuma dalilan da ta bayar abin kunya ne a gare mu: wahalar tabbatar da asalin yaro, takardun da ba a iya dogaro da su, zargin cin hanci a cikin tsarin, da shaidar fataucin yara a tsare a cikin ƙasar. A shekarun baya-bayan nan Najeriya ta riƙa fitowa a cikin ƙasashe goma da suka fi tura yara Amurka. Gaskiya ne da yawa daga masu ɗaukar 'yan Najeriya ne mazauna can, wasu ma 'ya'yan 'yan'uwansu suke ɗauka, kuma babu laifi a wannan. Amma hanyar da mai gaskiya ke bi ita ce mai sayen jariri ke bi, kuma a halin yanzu ba mu da ingantacciyar hanyar rarrabe su. Kowa ya san gidajen da ake tsare 'yan mata masu ciki ana sayar da abin da suka haifa, waɗanda 'yan sanda da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ke kai wa samame lokaci zuwa lokaci. Shari'ar da ta girgiza Nijar tun daga 2014, wadda ta kai ga yanke wa tsohon shugaban majalisar dokokin ƙasar, marigayi Hama Amadou, hukuncin shekara ɗaya a 2017, kuma wadda shi ya dage cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ce, a kan jariran da aka ce daga Najeriya aka samo su ta hanyar Benin aka gina ta. A Oktoba 2019 kuma rundunar 'yan sandan Kano ta gabatar da yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka sayar a Onica, an canza musu suna, wasu har sun manta Hausa. Kasuwar da ta iya kai yaro daga Kano zuwa Onica ta canza masa asali, fasfo kawai ya rage mata ta kai shi ƙetare.

A gefe guda kuma ga yaran da rikici ya raba da iyayensu. Gwamnatin Borno a zamanin Kashim Shettima ta sha bayyana cewa marayun rikicin Boko Haram a jihar sun haura 50,000, ga na Zamfara da Katsina da Sakkwato da Binuwai da Filato. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa kashi 57 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, kuma a karkarar arewa abin ya fi haka muni. Yaron da babu sunansa a kowane littafi, duk wanda ya fara rubuta masa takarda shi ne ya ƙaga masa tarihi. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta yi tanadi a kan riƙo, amma batun yana hannun jihohi, kowace da nata tsari, wasu sun yi shekara ashirin kafin su kafa tasu dokar, kamar Kano da ta yi a 2023. Mai neman ɓaraka jihar da ta fi sakaci kawai zai nema.

Ƙasar nan ta taɓa fuskantar irin wannan jarrabawa kuma ta ci. A lokacin yaƙin basasa an kwashe yara kusan 5,000 daga yankin Biyafara zuwa Gabon da Kwaddebuwa da tsibirin Sao Tome don ceton su daga yunwa. Da yaƙi ya ƙare a 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta dage cewa yaran 'yan Najeriya ne kuma gida za su dawo, aka dawo da su da taimakon hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka shiga aikin neman danginsu. Ƙasar da ta fito daga yaƙi ta iya wannan, ta yau mai majalisa da kasafin tiriliyoyi ba ta da uzuri.

Ba na cewa duk wanda ya ɗauki yaro daga wata ƙasa mugu ne. Akasarinsu mutane ne masu son haihuwa da Allah bai ba su ba, da yawansu ma su ma yaudararsu aka yi, kuma akwai yara, musamman masu naƙasa ko ciwo mai tsanani, da suka samu kulawar da ba za su samu a gidan marayu ba. Haka nan ba mu da bakin cewa a bar mana yaranmu alhali muna kallon su suna kwana a tasha da kwano a hannu, ko muna jin an tsinci jariri a kwata saboda mahaifiyarsa ta fi tsoron bakin mutane a kan komai, sannan idan ya rayu mu ƙi ba shi 'yarmu. Wanda ya ƙi a fitar da yaro wajibi ne ya nuna inda yaron zai kwana. Abin da Zannah Mustapha ya yi a Maiduguri tun 2007, inda makarantarsa ke koyar da marayun ɓangarorin rikicin duka biyu alhali suna zaune a hannun iyayensu mata da danginsu, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nansen ta hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, ya nuna cewa akwai hanyar da ba ta bukatar raba yaro da asalinsa. Kuɗin da ake kashewa wajen fitar da yaro ɗaya zuwa Amurka ko Turai, dubban daloli, zai riƙe bazawara da 'ya'yanta duka na tsawon shekaru a garinsu, kuma wannan lissafin shi ne ya fi komai tona asirin harkar: ana samun kuɗin ɗauke yaro daga hannun uwarsa, ba a samun na barinsa a hannunta.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Na san za a ce riƙon yara hurumin jihohi ne, amma fasfo da shige da fice da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa a hannunku suke, kuma ta nan yaro ke fita. Ku kafa doka da za ta samar da hukuma guda ta tarayya wadda babu yaron da zai bar ƙasar nan da sunan riƙo sai da izininta, kowace jiha ce ta ba da umarnin kotu, kuma kada ta ba da izini sai ta aika jami'inta ya ga iyaye ko dangi ido da ido, an yi musu bayani da harshensu a gaban mai unguwa ko dagaci cewa abin da za su amince da shi yankewa ne na dindindin, an kuma ba su lokacin da za su iya janyewa. Inda aka ce yaron ɗan'uwa ne, a tabbatar da gwajin jini. A haramta duk wata gudummawa ga gidan marayu da aka ɗaura ta da miƙa yaro, domin darasin Hunan da na Habasha ke nan, kuma a hana mai gidan marayu zama dillalin riƙo. A rubuta ƙarara cewa ba za a fitar da yaro daga sansanin 'yan gudun hijira ko yankin da ake rikici ba har sai an ƙure neman danginsa. Abin da ya faru a Haiti bayan girgizar ƙasar Janairu 2010, inda aka kama Amurkawa goma da yara 33 a kan iyaka kuma aka gano yawancin yaran suna da iyaye, ya isa hujja.

Sai batun yarjejeniyar Hague ta 1993 kan riƙon yara tsakanin ƙasashe, wadda ƙasashe sama da ɗari suka shiga, ciki har da Ghana a 2017 da Benin a 2018 da Nijar a 2021, Najeriya kuwa ba ta shiga ba. Ba maganin komai ba ce, tunda Holan da Denmak da suka daɗe a cikinta sun gano ɓarna mai yawa har suka kama hanyar daina karɓar yara a 2024. Amma tana wajabta hukuma guda mai alhaki, tana haramta cin riba marar dalili, tana tilasta adana bayanan asalin yaro, kuma tana sa neman iyali a cikin ƙasa gaba da fitarwa, daidai da sashe na 24 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yara ta 1990 da muka riga muka amince da ita, wanda ya ce fitar da yaro mataki ne na ƙarshe. Ina roƙon kwamitocinku na harkokin mata da na shari'a da na harkokin waje su kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan shiga wannan yarjejeniya, su gayyaci malaman addinan biyu da sarakuna da kwamishinonin mata na jihohi, tunda sashe na 12 na tsarin mulki zai bukaci amincewar akasarin majalisun jihohi, kuma a tabbatar dokar da za ta biyo baya ta amince da kafala a matsayin cikakkiyar hanya, yadda iyalin Musulmi za su iya riƙon maraya a hukumance, su sa shi a takardun asibiti da na makaranta da na tafiya, ba tare da an canza nasabarsa ba.

Mafi sauƙi a cikin roƙona, kuma wanda za ku iya yi tun a kasafin kuɗi mai zuwa, shi ne ku ware wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kuɗin da zai kai rajistar haihuwa kyauta kowace mazaɓa da kowane sansanin 'yan gudun hijira, ku kuma wajabta wa kowane gidan marayu, na gwamnati ko na masu zaman kansu, ya miƙa sunan kowane yaro da hotonsa da inda aka samo shi ga rumbun bayanai guda, a riƙa bin sawu duk wata shida, a kuma adana takardun ta yadda duk yaron da ya girma zai sami damar ganin nasa idan ya nema.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa daga Kano.